Daga Wuri Zuwa Salula: Yadda Caca Ta Sa Rigar Ilimi Ta Shigo Gidajenmu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu, daga Tasawa har Mayahi, har garuruwa irin namu Gidan Amumune. In ka tarar da yaro ya duƙufa a kan salula yana zaɓen ƙungiyoyin ƙwallo, ka ce masa wannan caca ce, amsarsa a shirye take: "Haba mushe, caca ai ta ƴan karta ce. Ni nazari nake yi." Daga nan sai ya jero maka wasanni biyar na baya da ƙungiyar ta buga, da wanda ya ji rauni, da wanda aka dakatar, da yadda take taka leda a gida da waje. Wani lokaci yaron da ke wannan bayani shi ne wanda ya fi kowa kai a aji.

Wannan magana ta "nazari" ta girmi yaran nan, ta girmi iyayensu da kakanninsu. Tana da tarihi na shekara kusan 300, kuma ina ganin ya kamata mu malamai da iyaye mu san shi. Wanda bai san ta inda ɓarawo ya shigo ba, zai ta toshe ƙofar da ba ita ba.

Lokacin da caca ke amsa sunanta

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da wuri ne kuɗi ake yin ta: a watsa wuri a ƙasa, a duba nawa suka kife, nawa suka buɗe baki, wani ya kwashe, wani ya tashi hannu rabbana. Da karta ta shigo, sai ta gaji wurin. Har a cikin bori an san halin, domin iskan nan Ɗan Galadima an siffanta shi da ɗan sarki mai ado da kyauta, wanda caca ta cinye masa dukiya. Ke nan tun kafin zuwan Nasara mutanenmu sun san ciwon, sun san irin wanda yake kamawa.

Addini ma ya daɗe da yanke hukunci. Larabawan jahiliyya suna da tasu cacar, maisir: a yanka raƙumi, a zuba kibau goma a jaka, bakwai masu rabo, uku babu komai, wanda babu ta faɗo masa shi ke biyan kuɗin naman. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta fara jan kunne a kanta, sannan aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka haramta ta tare da giya, suka kuma faɗi dalili: tana haddasa gaba da ƙiyayya, tana shagaltar da mutum daga salla.

Abin lura a nan shi ne cacar da tana da wurinta, kuma kowa ya san shi: bayan kasuwa, gefen tasha, gidan magajiya. Tana da lokacinta, wato kaka. A shekarun da gyaɗa ke tashe a yankin Maraɗi, kafin farin 1973 da 1974 ya karya ta, ƴan karta kan bi kasuwannin ƙauye suna farautar manomin da ya sayar da amfaninsa. Sannan tana da kunya. Ɗan caca ba ya yi a gaban surukinsa, ba a saurin ba shi mata, ba a ɗaukar shaidarsa da nauyi. Bai taɓa cewa ilimi yake nema ba. Ya san sa'a yake gwadawa, gari ma ya sani.

Kurket: inda aka ɗinka rigar

Don mu gane yadda caca ta zama "nazari", sai mun leƙa Ingila, mun dubi wani wasa da ba mu saba da shi ba a Nijar, wato kurket. Ƙungiya biyu ce, kowace mutum 11. Wani ya jefo ƙwallo mai tauri, wani ya kaɗe ta da faffaɗan katako, a yi ta ƙirga maki. Babban wasa tsakanin ƙasa da ƙasa yakan ɗauki kwana biyar. A yau ya fi ƙarfi a Indiya da Pakistan da Ostireliya da Afirka ta Kudu da ita Ingilar.

Masu caca ne suka raini wannan wasa. Tun a 1664 majalisar Ingila ta yi doka don rage yawan abin da ake zubawa a caca, ta sa iyaka a fam 100, kuɗin da talaka ba ya samu a shekara. A 1697 an buga wani wasan kurket a yankin Sussex a kan kuɗin zinariya 50. A 1727 wasu masu sarauta biyu, Duke na Richmond da Alan Brodrick, suka rubuta yarjejeniya kafin ƙungiyoyinsu su kara, don kada gardama ta tashi a kan kuɗin da suka zuba. A 1744 aka rubuta dokokin wasan. Wato buƙatar masu caca na cikin abin da ya sa aka fara rubuta ƙa'idojin kurket.

Inda kuɗi ya taru, maguɗi na biye. A 1817 aka kori William Lambert, ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa, daga filin Lord's na Landan bisa zargin ya sayar da wasa. Bayan wasu shekaru aka kori dillalan caca daga filin baki ɗaya. Sai dai wasan ya riga ya zama wasan ƙididdiga. Daga 1864 ake buga littafin Wisden duk shekara, mai ɗauke da makin ƴan wasa da na ƙungiyoyi. Mai son wasa yana karanta shi don nishaɗi, mai caca kuwa ya samu abin da ɗan karta bai taɓa samu ba: takarda cike da alƙaluma da zai nuna wa kansa ya ce shi masani ne.

Kurket ya iso ƙasar Hausa ta hannun Ingilishi. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ɗalibai irin su Ahmadu Bello sun buga shi. Bai yi jijiya a cikin talakawa ba, ƙwallon ƙafa ta rinjaye shi. Amma darussan da ya bari a kan caca sun shafe mu kai tsaye, kuma uku daga ciki sun isa misali.

Na farko, a 1981, a filin Headingley, Ostireliya ta matse Ingila har dillalai suka ce wanda ya zuba fam 1 a kan Ingila zai karɓi 500. Duk wani mai nazari ya gama yanke hukunci. Ingila ta juya wasan ta ci. Har wasu ƴan wasan Ostireliya biyu, Dennis Lillee da Rod Marsh, sun zuba ɗan kuɗi a kan abokan karawarsu, suka kwashi riba. Irin haka ta sake faruwa kusa da mu a Janairun 2025, da ƴan matan Najeriya ƴan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya ta kurket a Maleshiya, abin da takardar tarihi ba ta nuna ba.

Na biyu, a Afrilun 2000 ƴan sandan Delhi suka bayyana cewa sun naɗi muryar Hansie Cronje, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, yana magana da dillalin caca. Mutum ne da ake gani kamili mai riƙo da addininsa. Ya musa, daga baya ya amsa ya karɓi kuɗi, aka haramta masa wasa har abada. A shekarar ce kuma hukunci ya hau kan Saleem Malik na Pakistan da Mohammad Azharuddin na Indiya, dukansu tsofaffin kyaftin, ko da yake kotuna sun ɗage nasu daga baya.

Na uku, a Agustan 2010, a wannan fili na Lord's, wata jarida ta ɗana tarko ta ba wani dillali fam 150,000. Ya faɗa mata daidai jifan da ƴan wasan Pakistan za su yi kuskure da gangan, aka kuwa yi yadda ya ce. A 2011 kotun Landan ta ɗaure Salman Butt da Mohammad Asif da Mohammad Amir. Shi Amir shekararsa 18 lokacin da abin ya faru, sa'an yaranmu na ajin ƙarshe a lise.

To, a ranakun nan mutum nawa ne a duniya suka zauna suna duba ƙarfin ƙungiya, suna auna yanayin fili da na sama, alhali an gama ciniki a ɗakin otel?

Hanya biyu da ta biyo zuwa gare mu

Turawa sun raba ƙasar Hausa biyu, ita ma sabuwar caca ta shigo ta ƙofa biyu.

A ɓangaren Ingilishi ta zo da sunan pul. Kamfanin Littlewoods ya fara ta a Liverpool a 1923: takarda mai jerin wasannin ƙwallon Ingila na ranar Asabar, mutum ya canki waɗanda za su tashi kunnen doki. Ta bazu a biranen Najeriya, ta kafa shaguna a unguwanni irin Sabon Garin Kano. Tare da ita aka samu masu sayar da takardun hasashe, da masu ajiye tsofaffin sakamako a littafi suna neman wani sirri da suka yi imani yana maimaita kansa.

A ɓangarenmu na Faransa ta zo a kan doki. Wani ɗan kasuwa a Paris mai suna Joseph Oller ne ya ƙirƙiro tsarin tun a shekarun 1860: kowa ya zuba, a tara wuri ɗaya, mai gida ya cire kasonsa, sauran a raba wa waɗanda suka canka. A 1930 Faransa ta halatta yin wannan a wajen filin sukuwa, aka haifi PMU. A 1954 André Carrus ya kawo tiyarse, wato cankar dawaki uku na farko. A nan gida, gwamnati ta kafa hukumar LONANI a 1966, ta fara da tikitin tambola. Zuwa shekarun 1990 sai ga ƙananan rumfunan PMU a bakin titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram, daga baya har manyan garuruwan jihohi.

A duba lokacin da abin ya kama. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A shekarun nan ma'aikacin gwamnati kan yi watanni bai ga albashi ba. Waɗanda suka fi rungumar PMU su ne masu karatun boko: ma'aikata, sojoji, malaman makaranta. Dalili kuwa a fili yake. Wannan caca ce mai takarda. Kowace safiya ana fitar da jadawali mai sunan kowane doki, da mahayinsa, da nauyin da zai ɗauka, da jerin lambobin da ke nuna matsayin da ya zo a tserensa na baya, abin da Faransawa ke kira "kiɗan" doki. Sai ka ga dattijo mai mutunci, wanda ko kusa da tabarmar karta ba zai tsaya ba, ya sa tabarau, ya riƙe biro, yana nazarin dokin da ke gudu a Vincennes ko Longchamp, dokin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Mu da muka san doki mun san wannan wasa da hankali ne. Mai doki a Tasawa da ke ba shi harawa da hannunsa ba zai rantse maka cewa gobe zai riga na maƙwabcinsa ba. Ga kuma lissafin da ba a rubutawa a jikin rumfar. In dawaki 16 za su yi tsere, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa su ne 16 sau 15 sau 14, wato 3,360. In huɗu ne, 43,680. In biyar ne, 524,160. Nazari na iya rage wannan adadi, amma dubban mutane na karanta takardar da kake karantawa. In dokin da kowa ya zaɓa ya zo, rabon ba ya taka kara ya karya. In wanda ba a zata ba ya zo, kai ma ba ka zaɓe shi ba. Kason mai gida kuwa an cire shi tun kafin dawaki su tashi.

An ƙona rumfa, caca ta koma aljihu

Jama'a ba su yi shiru ba. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a ƙarshen 1999, jihohin arewacin Najeriya sun bi sahu, aka rufe gidajen caca da dama. A Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, masu bore a Maraɗi sun far wa mashaya da rumfunan PMU. A Janairun 2015, a tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, an sake lalata irin waɗannan rumfuna a Yamai. A 2024 Hisbar Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa.

Tarzoma ba ta taɓa zama magani ba, ta ci dukiya da rayukan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ko rufe shago bisa doka ma ya zo a makare, domin shagon ya riga ya tashi daga bakin titi. Salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000. Gidajen kallo suka kai gasar Ingila da ta Sifaniya har ƙauyen da babu lantarki, da janareta da faranti. Yaro a Gulbin Kaba ya haddace sunayen ƴan wasan Barcelona da Chelsea fiye da sunayen sarakunan Katsinar Maraɗi. Sannan aika kuɗi ta waya ya zama abin yau da kullum. Da abubuwan nan uku suka haɗu, sai kamfanoni suka zo girbi. A Najeriya Bet9ja ta fara a 2013. A 2019 kamfanin 1xBet ya zama mai ɗaukar nauyin gasannin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, sunansa ya cika gefen fili a wasannin da yaranmu ke kallo.

Yankinmu yankin ƴan ci-rani ne. Da an gama girbin hatsi samari kan nufi Kano da Legas da Agadas da wuraren haƙar zinariya da Libiya. Suna dawowa da babbar waya, wasu kuma da wannan ɗabi'a, su koya wa ƙannensu. A cikin manhajar ba ƙwallon ƙafa ce kaɗai ba. Akwai kurket na gasar Indiya, wadda aka fara a 2008, akwai ƙwallon tebur, akwai ma wasannin da kwamfuta ke ƙirƙira duk bayan ƴan mintuna, babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki. Yaron da ya fara da ƙungiyar da ya sani, in asara ta kama shi, kan ƙare yana zuba kuɗi tsakar dare a kan wasan da ko dokarsa bai sani ba.

Duk katangun da suka tsare cacar da sun rushe. Ba ta da wuri, tana ƙarƙashin matashin kai. Ba ta da lokaci, rani da damina ɗaya ne. Ba ta da kunya, tunda mai yin ta zaune yake a tsakar gida kusa da mahaifiyarsa, ita tana zaton darasi yake dubawa.

Me nazari ke iya yi, me ba ya iyawa?

A yi wa yaran adalci: ƙarfin ƙungiya gaskiya ne. Babba ya fi cin ƙarami sau da yawa. Mu ƴan ƙasar kokawa mun san haka. Tun da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, kowace shekara mutane kan zauna su auna wane ne ke kan ganiyarsa. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi har sau shida, ba sa'a ce kawai ta ba shi ba. Amma shi ɗin ma akwai shekarun da ya shiga fili kowa na cewa nasa ne, ya fita babu takobi. Haka Senegal ta doke Faransa mai riƙe da kofin duniya a 2002, haka Saudiyya ta doke Ajantina a 2022, haka Leicester ta ɗauki kofin Ingila a 2016 bayan dillalai sun sa ta a 5,000 kan 1.

Matsalar ita ce duk abin da yaro ya sani, kamfani ya riga shi sani, kuma ya riga ya sa shi a cikin farashi. Kamfanin na da ma'aikata da kwamfutoci da sakamakon dubban wasanni. Ƙungiya mai ƙarfi ribarta kaɗan ce, daidai da ƙarfinta, har ma ƙasa da haka. Ga misali mai sauƙi. A ce ƙungiya biyu ƙarfinsu ɗaya. Adalci shi ne wanda ya zuba jika ɗaya ya ci, a ba shi jika biyu. Kamfani sai ya ce 1,900 zai bayar. Mutum 100 suka zuba jika-jika a nan, 100 a can, an tara 200,000. Ko wace ce ta ci, 190,000 za a biya. Saura 10,000 na kamfani ne, ko a yi ruwa ko a yi rana. Shi ba caca yake ba, haraji yake karɓa.

Sannan ga tarkon da ya fi cin yaranmu, wato haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya don dala ashirin ta zama dubbai. A ce yaro gwani ne na gaske, a kowane wasa goma yana cankar bakwai daidai. In ya haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, dole duka su zo. Lissafin shi ne 0.7 a ninka ta da kanta sau goma, abin da ke ba da ƙasa da 3 cikin 100. Ke nan a tikiti 100, sama da 97 sun tafi. Kuma kason kamfani na hawa da kowane wasa da aka ƙara. Abin da ya fi muni, tikiti da yawa kan faɗi ne da wasa ɗaya ko biyu, sai yaro ya ce "saura ƙiris", ya ƙara ƙaimi. Wannan "saura ƙiris" ita ce hajar da ake sayar masa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ke hannunmu

Na fi tsoron wannan caca a kan yara masu ƙwazo. Rago ba ya iya zama ya tattara alƙaluma. Mai kaifin kai shi ke jin cewa ya fi sauran wayo, shi ne kuma in ya faɗi yake cewa nazarin ne bai cika ba, gobe zai gyara. A aji alamun ba sa ɓuya: gyangyaɗi da safe bayan daren wasa, littafin da bayansa ya cika da sunayen ƙungiyoyi da lambobi, kuɗin rajistar jarrabawa da aka ce an ɓatar, rance a hannun abokai, fushi marar dalili ranar Litinin. A gida kuma tiyar hatsi na raguwa a rumbu, ko akuyar uwa ta yi ɓatan dabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a jerin cututtuka. Wanda ta kama, bulala kaɗai ba ta sakinsa, sau da yawa ma ƙara koya masa ɓoyo take yi.

Ga ƴan'uwana malamai, makaminmu alli ne. Yaron da ya ce nazari yake, a karɓi maganarsa, a kai ta allo. A sa ajin su canki wasanni goma na ƙarshen mako a takarda, babu ko dala, har tsawon wata biyu, kowa ya rubuta abin da zai samu ko ya rasa da a ce ya zuba jika. A ƙarshe su haɗa jimilla da hannunsu. Darasin kaso cikin ɗari da na yiwuwar aukuwar abu suna cikin manhajar karatu, ba mu fita daga aikinmu ba. Abin da yaro ya gano da bironsa ya fi zama a kansa bisa abin da aka faɗa masa da tsawa. Sai kuma mu dubi kanmu: malamin da ɗalibai ke gani a bakin rumfa da takardar dawaki ya gama rushe duk abin da zai faɗa a aji.

Ga iyaye, a san abin da ke cikin wayar da aka saya wa yaro, ko wadda yayansa ya aiko daga ci-rani. Uwa ko ba ta yi boko ba tana iya sa wani amintacce ya duba mata. Kuɗin makaranta a kai da hannu, a karɓi takarda. In yaro ya shigo da kuɗin da ba a san tushensu ba, kada murna ta hana tambaya, domin cin farko shi ne ƙugiya. In kuma ya riga ya faɗa, a zaunar da shi, a san yawan bashin da ke kansa, a raba shi da riƙe kuɗi na wani lokaci, a sama masa abin yi. Kwamitin iyaye na makaranta da limamai da masu gari su yi magana da masu gidajen kallo da masu cajin waya, tunda a nan ƙanana ke koyo daga manya.

Ga malaman addini, hukuncin sananne ne, amma yaran sun sauya wa abin suna don su kauce masa. A kira shi da sunansa a huɗuba, a bayyana cewa zuba kuɗi a kan abin da ba ka da iko da shi, don ka ci na wani ko a ci naka, maisir ne, ko da wuri aka yi, ko da doki, ko da salula.

Su kansu ƙasashen da suka ƙirƙiro abin sun fara ja da baya. A 2023 ƙungiyoyin babbar gasar Ingila suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025 zuwa 2026. In masu abu sun ga illarsa a kan ƴaƴansu, mu da jika ɗaya ke ciyar da gida yini guda ba mu da dalilin jira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa wa ɗan abin da muke samu albarka, amin.